Inda Ake Yanke Zare

Kawu Tanimu ya shekara arba'in yana ɗinkin aska takwas
a zaure ɗaya, bayan Ƙofar Kuyambana.
Ina 'yar firamare nake zura masa zare a allura,
don tun lokacin kafar allura ke yi masa ɓuya.
Yakan ce: Ladidi, soka allura kowa ya iya.
Gwani shi ne wanda ya san inda zai ƙulle,
ya sa haƙori,
ya yanke.

Yau ga shi a gabana, a ɗakin gwaji na Shika.
Ba shi duka ba.
Ɗan yanki ne na kaluluwar wuyansa,
bai kai kaurin ɓawon albasa ba,
kwance a kan gilashi, an rine shi da shunayya,
an ba shi lamba maimakon suna.
Ni na rubuta lambar.
Hannuna bai yi rawa ba sai a kan bakwai ta ƙarshe.

Na sunkuya, na leƙa madubi.
Na san waɗannan. Fararen ƙwayoyin jini ne,
su suka kore masa zazzaɓin damina sittin,
su suka tare tsatsar kowace allura da ta soke shi.
Ƙa'idarsu ita ce in an gama faɗa
kowace ta naɗe tabarmarta,
ta ƙudundune, ta mutu ba hayaniya,
maƙwabta su share wurin kafin asuba.
Dubbai ke tafiya haka a jikinka kowane dare
kana barci, ba ka taɓa zaman makokinsu ba.

Akwai wani furotin a cikinsu mai riƙe da ƙofa.
Aikinsa kalma ɗaya: dakata.
Dakata, yaƙi bai ƙare ba, ana sonki tukuna.
In lokaci ya yi, sai ya kauce.
A jikin Kawu ya ƙi kaucewa.
Ya yi yawa, ya cika bakin ƙofa,
yana ta dakata, dakata,
kamar mai masaukin da ya ɓoye takalman baƙi.

Ga su nan maƙil, kafaɗa da kafaɗa,
kamar Kwangila ranar Juma'a da yamma.
Tsofaffin da ya kamata su tafi tun bara
sun zauna, sun hayayyafa,
ba aikin fari, sai cin abincin gida.

Wa zai gaya wa Inna Gambo haka?
Ita da ke roƙa wa kowa tsawon rai a kan sallaya,
in ce mata abin da ke cin mijinki
tsawon rai ne da ya sauka inda bai dace ba?
Na dai ce mata sankara.
Ta ce, to. Ta gyara mayafi.
Ta tambayi nawa ne.

Likita ya ce akwai maganin da ke toshe bakin mai dakata,
ya faɗi kuɗinsa a hankali, yana kallon taga.
Muka koma wa ƙarin ruwa, Laraba bayan Laraba uku,
rigar da aka sayar, da filin Dakace.

Jiya na biya ta zaure bayan la'asar.
Kumburin ya ɗan sauka. Gemun ya zube.
Riga na shimfiɗe a cinyarsa, aska biyar sun tsaya,
ta shida ta kai rabi.
Na zura masa zare kamar dā.
Ya yi layi guda, ya ƙulle,
ya kai zaren baki, sai ya tsaya:
magani ya saɓule masa dasashi.

Ya dube ni, ya yi dariyar da ba ta fito duka ba.
Ya ce, 'yar boko, miƙo almakashi.
Na miƙa hannu zan yanke masa.
Ya janye rigar.
A'a, ba nan ba, in ji shi.
Ke ba ki san wurin ba tukuna.