Baƙon da Ke Gwiwata

Shekara guda ke nan da wata uku
da suka buɗe ni a Igbobi,
suka cire gwiwar da uwata ta haife ni da ita,
suka sa ta ƙarfe, suka ɗinke, suka ce:
"Kafin damina, Tabawa, za ki hau gadar Oshodi da ƙafarki."

Damina ta zo.
Ta Ikko ba ta sallama, ba ta kuma san ranar tafiya ba.
Tun hadari bai taso daga bakin teku ba
baƙon da ke gwiwata ya ba ni labari.
Har maƙwabta kan leƙo su tambaye ni
ko su kwashe shanya.

Ni ce fa mai sauka bene uku kafin assalatu,
tanda a ka, ƙullu a hannu,
in soya waina a bakin layin dogon Agege
har rana ta take tsaka.
Yau zanin da ke zagaye ni har da saura
da ƙyar bakinsa ke gaisawa da ɗan'uwansa.
Sau biyu tela Ɗanjuma yana buɗe min riguna,
a na uku ya ce, "Gwaggo, yadin ciki ya ƙare."

Kilo goma sha ɗaya, in ji sikeli.
Nas ta rubuta, ba ta ɗago kai ba.
Likita ya ce, "Rage nauyi, ciwon zai ragu.
Yi tafiya, nauyin zai ragu."
Na ce, "Likita, ai ciwon ne ya hana tafiyar.
Macijin nan ya haɗiye wutsiyarsa,
ta ina zan kama shi?"
Ya yi murmushi, ya ƙara min ƙwaya.

Asabe ta ɓoye man gyaɗa a bayan akwati,
malmala guda ta koma rabi.
Allah shaida, ba ci na ƙara ba,
zama ne ke min kiwo.

Daga Funtuwa ake bugowa:
"An ce aiki ya yi kyau!"
Sai in ce alhamdu lillahi.
Wa zan gaya wa filin da na sayar
yana nan cikin ƙafata, yana zogi da tsakar dare,
janaretan maƙwabta na taya shi?

Abin da ya fi ci min rai ba ya cikin takardar likita:
salla a kujerar roba,
goshina na kewar ƙasa.

Da safen nan na dafa bango, na ƙirga matakala.
Arba'in da biyu ne.
Na sauka goma sha huɗu, na zauna
kusa da bokitin Iya Ronke, ina haki.
Ta ajiye wanki, ta zauna gefena,
ta janye zani ta nuna min tata gwiwar a kumbure.
Ba mu ce komai ba.

Gobe sha biyar,
in baƙona bai hango hadari ba.