Ƙaramar Tukunya a Gonar Gethin

Ƙarfe uku na dare a bayan garin Wem,
ruwa na ɗiga kan kwano kamar mai ƙirga bashi.
Shanu ɗari huɗu sun yi tsit a rumfarsu,
ni da fitilar goshi muna gadin tukunya.

Babbar tana can, koriya, mai rufin tulluwa,
ta sha kashin shanu, ta sha ruɓaɓɓen karan masara,
tana gyatsa dare da rana.
Sai dai rabin gyatsar ne ke cin wuta,
rabin kuwa iska ce kurma,
ba ta dafa ko ƙwai.

Don wannan rabin muka ƙera ƙaramar.
Tsayinta bai wuce ƙofar ɗaki ba.
Wata tara ina zana ta ina gogewa.
Muka cika cikinta da gutsattsarin roba
don halittun da ido bai taɓa gani ba su sami masauki,
ruwa na tsiyayo musu daga sama,
haidurojin na hawa daga ƙasa,
su tari kurmar iskar a tsakiya
su koya mata cin wuta.

Gethin Pryce, ran da ya fara ganin ta,
ya cire hula ya sosa sanƙo:
"Yelwa, wannan butar shayin ce za ta biya mini banki?"
Ban tanka ba.
Ba a yabon miya tana kan murhu.

Makon farko ta yi kumfa har ta toshe bututu.
Na biyu, sanyi ya saɗaɗo ta wata 'yar ɓula,
halittun suka yi fushi, suka ƙi ci.
Na lulluɓe ta kamar mai zazzaɓi,
na zauna kan bokiti ina lallashin ƙarfe.
Warin baragurbi ya bi ni har cikin bas,
wata tsohuwa ta dube ni, ta canja kujera.

Kakata Tasalla ba ta san sunan ko ɗayansu ba,
amma ta san halinsu.
In ta rufe ƙwaryar nono takan ce:
kar ki buɗe, kar ki girgiza,
tsami ya san lokacinsa.
Digiri biyu na yi kafin in gane maganar.
Na daina taɓa makunnai.
Kwana goma sha ɗaya na ɗaure hannuna a baya.

Yau allura ta motsa.
Sittin da ɗaya. Saba'in da takwas.
Na fita na sha ruwan sama a fuska, na dawo,
casa'in da shida.
Na buɗe bakin gwaji, na ƙyasta ashana.
Shuɗiya ta miƙe, siririya, ba hayaƙi,
ko rawa ba ta yi.

Ban san ya shigo ba sai da na ji tarinsa,
rigar barci, takalmin roba har gwiwa.
Ya daɗe yana kallon harshen wutar.
Bai ce komai ba.
Ya koma gida, ya dawo da buta,
ya ɗora a kai.

Muka sha shayin a tsaye.
Ƙarfe biyar za a fara tatsa.
Na rubuta lambar da hannu mai rawa,
a ƙarƙashinta na ƙara:
bututu na uku har yanzu yana yoyo.