Asusun Gora

A Iloilo, can bakin kasuwar kifi,
inda ruwan ƙanƙara ke jiƙa mana silifa,
ran biyu ga Janairu, gari bai gama wayewa ba,
Teofila ta iso da gora huɗu a hammata.

Kowace ta huda mata baki siriri,
iya shigar kuɗi, babu hanyar dawowa.
Ta ce, "Kowa ta rubuta burinta a jiki."
Na rubuta: firiza. Peso dubu goma sha takwas.
Ita ta rubuta injin kwalekwale.
Nenita ta rubuta haƙori, na gaba, wanda ta rasa,
muka yi dariya har mai ƙanƙara ya waiwaya.
Dionisia ba ta rubuta komai ba.
Ƙofa ta zana. Ba mu tambaye ta ba.

Hamsin a yini. A baki ba nauyi.
Amma akwai ranar da kifi ke kallonki kina kallonsa
har rana ta take, ƙuda ya fi mai saye yawa.
Akwai ranar da yaro zai ce takalmi ya tsinke.
Akwai ranar da gora ke kallona daga kusurwa
kamar mai bin bashi da ba ya magana.

Asabar, in mun wanke teburi,
sai kowa ta ɗaga tata kusa da kunne ta girgiza.
Ba a ƙirge, ba a tambayar nawa.
A Maris ƙarar kamar tsakuwa uku a gwangwani.
A Yuli ta koma ƙasa-ƙasa,
muryar abin da ya fara ƙoshi.

Sai Satumba ta zo da guguwar teku.
Ta ɗauke rufin ɗakina kamar mai buɗe tukunya.
Da safe mijina Rodel ya ɗauko adda,
ya ajiye gorar a dandamali, yana jiran in ce to.
Na kusa cewa.
Sai ga Dionisia, kwano biyu a ka,
ta ɓamɓaro daga akurkin kajinta.
Ɗan Nenita ya hau da guduma.
Teofila ta karɓe addar, ta ce,
"Ba a yanka kaza tana kan ƙwai."

Duk da haka mako uku ban saka ko ƙwandala ba.
Asabar ta yi, na ce ciwon kai.
Nenita ta biyo ni har gida, tana kare baki da hannu:
"Jefa peso ɗaya. Ba don firiza ba,
don kada hannu ya manta hanya."
Na jefa. Na ji faɗuwarsa a kan 'yan'uwansa.
Kunya ta sauka kaɗan.

Daren ƙarshen Disamba, kan tabarmar Teofila,
adda ta yi aikin da aka hana ta.
Kuɗi suka zube, suna ƙarnin kifi,
wasu sun yi tsatsa, wasu sun manne da juna.
Muka ƙirga har kyandir ya rage yatsa.

Nawa dubu goma sha huɗu da ɗari biyu.
Bai kai ba. Na yi shiru.
Teofila ma injinta sai baɗi.
Ta ce, "Bara warhaka nawa gare ki?"
Na ce, babu.
Ta ce, "To, me kike wa makoki?"

Firiza ta hannu na saya, tana nishi duk dare
kamar tsoho mai ciwon baya, amma tana daskarar da ruwa.
Nenita yanzu dariya take da dukan baki.
Dionisia kuwa, makulli ɗaya a wuyanta,
na ɗakin da babu mai shiga sai ta yarda.

Jiya Teofila ta zo da gora biyar.
Yarinyar da ke sayar da gishiri ta daɗe tana leƙenmu.
Mun matsa mata a benci.