Fanken Tucumcari

Tun asuba muka baro Houston,
ni da Hadiyya, da akwatuna uku,
da tukunyar shinkafa ta lantarki da ta ce ba ta so,
na cusa ta a bayan mota duk da haka.
Texas ba ta ƙarewa.
Ka yi ta tuƙi har gwiwa ta sage,
allon hanya ya ce maka da sauranka.

Magariba ta cim mana a Tucumcari.
Na yi alwala da ruwan gora,
na shimfiɗa darduma tsakanin tireloli biyu,
injinansu na gurnani kamar masu bin sahu.

Gidan abincin dogo ne siriri,
sai ka ce taragon jirgin da aka manta a bakin titi.
Jar fitilar sunansa, harafi ɗaya ya mutu,
ɗaya na ƙiftawa kamar mai gyangyaɗi.
A ciki kujeru masu juyawa,
tawa an toshe mata rauni da salatif.
Albasa na kuka a kan faffaɗan ƙarfe.

Matar ta zo da fensir a bayan kunne,
sunanta a ƙirji, Darlene. Ta girme ni.
Ta kira ni zuma.
Shekara ashirin da biyu a ƙasar nan
har yau kalmar na sa ni duban ƙasa.
Hadiyya ta ɓoye dariyarta a bayan takardar abinci.

Na ce ƙwai biyu, ban da alade,
in ba damuwa a goge ƙarfen.
Ta wurga maganar ta taga,
mai girki ya ɗaga hannu bai juyo ba,
na ji yana kankara.

Sai na ga fanke a rubuce, na ce a kawo.
Aka dire mini faya-fayai uku,
man shanu na narkewa a ka kamar rawanin da ya kwance.
Ina wannan, ina fanken Tabawa
na ƙofar makarantarmu a Gusau,
dunƙule, mai ƙona yatsa, a yagin jarida?
Suna dai linzami ne, ya ja ni har nan.

Gahawa kuwa irin Texas ce:
da ka kai rabi an sake cikawa.

Ban san na daɗe ina kallon taga ba
sai da na ji an ce,
"Baba, ka ci mana, zai huce."
Da Hausa.
Yarinyar da tun Amarillo ba ta ce mini komai ba
sai da Turanci, sai da hanci.
Muryar uwarta ce sak, har da jan wasalin ƙarshe,
uwar da ƙasar Houston ta rufe damina uku ke nan.
Na ci. Na shaƙe. Na ɗora wa barkono laifi,
alhali ba barkono a teburin.

Darlene ta tambayi inda muka dosa.
Na ce Flagstaff, jami'a zan kai ta.
Ta ajiye butar, ta dafa ƙugu:
ita ma ta taɓa kai nata ɗan Denver.
Ta ce zuwa ba ya da nisa,
dawowar ce.
Ta naɗe mini yankan wainar tufa a takarda,
ta ce kada in taɓa sai jibi.

Na danne dala biyar da kwalbar gishiri.

A waje hamada ta yi sanyi,
taurari sun zubo kamar an ɓarar da gero.
Mun yi mil goma ba wanda ya tanka.
Can, fuskarta na jikin gilashi, ta ce,
"Baba, tukunyar nan,
ruwa gwangwani nawa ake zuba mata?"