Yatsu Biyu

Talata bayan azahar, rumfar Bappa Manu a Bolari,
Gidado ya turo babur da ƙafa, gumi har ƙeya,
kwando biyu na tumatirin Dadin Kowa a baya,
na ƙasan har sun soma tsiyayewa.

Ya ce, "A hawan Liji ya tozarta ni.
Na murɗa totur, inji na kururuwa kamar ana yanka shi,
taya ta ce ba da ita ba.
Mai keke ya wuce ni, har da waiwayowa."

Ni yaron shago ne, wata na bakwai ke nan,
hannuna na ƙaiƙayi, tuni na ɗauko sifana.
Bappa ya ce, "Ajiye.
Mai yanka kafin tambaya, sunansa mahauci.
Gidado, da sanyin safiya yake yi, ko sai ya ɗau zafi?
Giya na zamewa da kanta ta koma firi?
In ka matse kuloci kana tsaye, yana rarrafawa?"

"Ba ya rarrafe. Giya na shiga lafiya.
Ja ne babu."

"To, mun rage hanya.
Da rarrafe yake, da na ce faifai sun ƙi rabuwa.
Da giya ke tsalle, da haƙoran ciki ne suka cinye,
wannan kuwa ya fi ƙarfin tumatirinka.
Naka ciwon, rashin kamawa."

Ya latsa hannun kuloci a hankali,
kamar mai taɓa goshin jariri.
Waya ba ta ɗaure ba, ga ɗan sararinta daidai.
Ya tsoma yatsa a baƙin mai, ya kai hanci,
ya miƙo mini: ƙauri,
irin na tuwon da aka manta a murhu ana hira.
"Yanzu," in ji shi, "sai ka soma kwancewa."

Noti ɗaya bayan ɗaya, na jera su a murfin galan.
Sifirin huɗu, babu wanda ya gaji.
Faifan kuwa sun yi sumul, baƙi ƙirin,
kamar ƙasan tsohon silifa.
Bappa ya juya ɗaya a rana, ya daɗe.
"Wata uku da suka wuce ni na sa waɗannan.
Faifai ba ya tsufa a wata uku,
sai in ana hana shi hutawa."

Muka sa sababbi, muka zuba sabon mai.
Ya ce, "Hau. Je ka kwanar can ka dawo."
Ni ina sauraron inji, ina jin daɗin aikina.
Bappa bai ko kalli babur ba.
Hannun hagu yake dubawa.

Yatsu biyu.
Kwance a kan kuloci, sun ɗan ja shi,
ba su matse ba, ba su saki ba,
tun daga tafiya har dawowa.

"Tun yaushe?"
Gidado ya kalli hannun kamar na aro.
Shiru, har motar yashi ta gama wucewa.
"Tun ƙaramar salla. Akuya ce ta gitta mana a Kwadon.
Babayo na baya, riƙe da rigata.
Har yau ƙafarsa ba ta gama miƙewa."

Bappa ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa.
"Faifai da mai, ka san kuɗinsu.
Wannan kuma, ba ni da sifanarsa.
Abin da na sani, inji bai san rabin magana ba.
Ko ka kama, ko ka saki.
Tsakanin nan ne ke ƙonawa."

Ya biya, ya zube mana tumatir biyar a kan benci.
Na rataye tsofaffin faifan a ƙusa,
na fita bakin titi da man fetur a tafina,
ina bin bayansa da ido:
yatsun sun ɗaga,
sun koma,
sun sake ɗagawa.