Silifan Njidda

Silifansa ɗaya na nan a hawa na uku,
gefen katakon da ya juye da shi.
Yau kwana tara, ba wanda ya ɗauko.

Ni ke miƙa masa kwanon kwaɓi ran nan.
Ya karɓi goma sha ɗaya,
na sha biyu iska na miƙa wa.
Ban ji ihu ba, wallahi,
sai tim, kamar buhun siminti
in ɗan dako ya gaji ya yar.

Ƙusa biyu ke riƙe da katakon.
Tun Litinin muka ce a ƙaro.
Mai kwangila ya ce ƙusa ta yi tsada a Garwa,
ya ce, ku da kuka saba,
yaushe biri ya fara neman igiya?
Muka yi dariya. Har da Njidda.

A kan ƙyauren da ba a kafa ba muka ɗauke shi.
A asibiti aka ce jaka talatin kafin a taɓa,
muka zazzage aljihu,
kuɗi duk sun yi fari da siminti,
mai karɓa tana kaɗe su da yatsa biyu.

Ƙashin baya ne, in ji likita.
Ƙafafun suna nan lafiya lau,
sai dai ya kira su, ba sa amsawa.

Jiya na je Rumde Ajiya gaishe shi.
Yana kwance yana ƙirga ramukan kwanon rufi,
Dudu na soya gyaɗar sayarwa a bakin ƙofa,
ba ta ɗago ba.
Bai tambayi kuɗin kwana huɗun da yake bi ba.
Cewa ya yi, bangon gabas ɗin nan,
wa ya ƙarasa? Ya miƙe kuwa?
Na ce ya miƙe.
Na ce, in kawo maka silifanka?
Ya dube ni, ya dubi ƙafafunsa,
ya ce, Ɗanjuma, sha ruwa mana.

Da safen nan na sake hawa.
An ɗauki wani yaro daga Figil a gurbinsa,
ko gemu bai fara ba.
Katakon dai shi ne, an ƙara ƙusa ɗaya.
Daga nan sama ana hango Binuwai,
masu wanki ƙanana kamar tururuwa.
Ba na kallo.
Na ce wa yaron, taka ta nan, kusa da bango.
Ya ce, wannan takalmin fa na waye?
Na ce, karɓi kwano.