Tabon Shayi a Gabas da Wurno

Dare goma sha ɗaya na yi ina zana Gulbin Rima,
fitilar caji na gyangyaɗi, ina girgiza ta ta farka.
Daga Goronyo na biyo ruwan da bakin biro,
na ratsa fadamar Wurno,
na yi ɗigo-ɗigo inda albasa ke kwana.
A kusurwar gabas kofina ya zauna ya huta,
ya bar zobe.

Don 'yan aji biyu na yi ta:
yara hamsin da bakwai, littafi uku,
ɗayan ma ba bango.

Bana, ran kasuwar Achida,
a shagon Sahabi mai injin hoton takardu,
sai ga taswirata rataye a igiya kamar wanki,
naira ɗari biyu.
An kankare sunana, an ɗora na wani
mai jan digiri biyu a bayansa.
Zoben shayin dai yana nan.
Inji ya fi mutum riƙon amana.

Na ce, Sahabi, wanga aikin wa ne?
Ya ce, "Malam Labbo, mi ya yi zafi? Ilimi ai na Allah ne."
Na ce, ruwan gulbi ma nasa ne,
amma ɗan garuwa kana biyan kafaɗarsa.

Na tayar da babur, raina na tafasa har gida.
Na buɗe akwati neman asalin zanen, in kafa hujja,
sai hannuna ya faɗa kan shafi arba'in
da na kwafo bara daga littafin wata baiwar Allah.
Shafin farko, mai sunanta da gargaɗin haƙƙin mallaka,
ni na ce Sahabi ya tsallake,
in rage naira ashirin.
Shekara guda ina shayar da yara daga rijiyarta,
ban taɓa faɗa musu wa ya haƙa ba.

Laifi tudu ne.
Na sauko daga nawa a hankali, gwiwa na rawa.

Malama Inno mai lissafi, tana ɓare gyaɗa a ofis,
ita ta ce min ba kowace gona ke da shinge ba.
"Akwai buɗaɗɗen lasisi, karanta ƙasan shafi.
Wani ya ce ɗebi iri ka shuka,
in an tambaya, faɗi rumbun da ya fito.
Wani ya ƙara: ban da kai shi kasuwa.
Wani ya ce in ka gyara,
bar ƙofarka a buɗe yadda ka tarar da tawa.
Wanda bai ce komai ba kuwa,
shirunsa ba izini ba ne.
Yi sallama."

Na yi sallama. Na rubuta wa mai littafin wasiƙa.
Wata huɗu ke nan, ba amsa,
shafukanta na akwati suna jira tare da ni.

Taswirar, ban sake zana ta ba.
Layi biyu na ƙara a ƙasa, da hannuna:
Labbo na Wurno ya zana. Kwafa, gyara, raba, ban da sayarwa.
Ka bar sunana, ka sa naka kusa da shi.
Na miƙa wa Sahabi, na ce kuɗin takarda da tawada kawai.
Ya yi tsaki, ya karɓa.

Jiya ta dawo min daga Rabah, ta yi laushi don ninki.
Wani malami, Ummaru Ƙwaire, ya ƙara rafi biyu da na manta,
ya gyara min lanƙwasar da na karkatar,
sunansa a gefen nawa kamar sahun salla.

Zoben shayin kuwa,
wani yaro ya ɗauka tafki ne.
Ya cika shi da shuɗi,
ya zana kwalekwale a tsakiya.